Mai Kushin da Rigar Allon Auta

Idan ka shiga layin makanikai ka wuce mai walda, za ka ga wani shago da tsofaffin kujeru a kife a ƙofarsa, ƙafafu a sama. Nan ne wurin Mai Kushin. Ba wanda ke kiransa da wani suna sai wannan, har matarsa ma in ya ƙure ta. Gajere ne kakkaura, mai faɗin tafin hannu, kullum da alli a bayan kunne da ƙananan ƙusoshi a baki, shi ya sa rabin maganarsa ta hanci take fita. Sana'arsa ita ce ya karɓi kujerar da ta gaji da duniya, ya feɗe ta, ya zubar da ruɓaɓɓen soson ciki, ya ɗaure wayoyin da suka saki, ya shimfiɗa sabon soso, ya ja leda ko yadi a kai har kujerar ta yi ɓul-ɓul kamar ba a taɓa zama a kanta ba. Ta falo, ta mota, ta ofis, sirdin babur, duk yana yi. Kuma ya iya, wannan ko wanda ba ya ƙaunarsa sai ya ba shi.

Aibinsa guda ne, in ma aibi ne: bai yarda a bar abu tsirara ba. A wurinsa duk abin da ya fashe ko ya ɓare ko ya tsage a duniyar nan, rashin soso ne ya jawo. Ƙotar gudumarsa naɗe take da soso. Rediyon shagon yana da riga, da 'yar taga inda ake murɗa tasha. Fulas ɗin shayinsa yana da riga, kwalbar gam ma tana da tata. Mai walda yakan ce ranar da Mai Kushin ya sami tsani mai tsawo, rana ma sai ya ɗinka mata hula. Shi kuwa sai ya tofar da ƙusa a tafin hannu ya ce, "Da an bar ni na yi, da ba ka yini kana tsiyayar da gumi haka ba."

A gida abin ya fi na shago, kuma na gidan yana da dalili. 'Yarsu ta ƙarshe, wadda kowa ke kira Auta, ta zo ne bayan yayyenta maza duk sun tasa, lokacin da shi da matarsa sun riga sun cire rai. Bakwaini ce. Da aka fito da ita daga kwalba a asibiti aka miƙa masa, tafin hannunsa guda ya ishe ta kwanciya. Mutumin da ke ɗaga kujera mai zaman mutum uku shi kaɗai, ran nan ya rasa yadda zai riƙe ta. Tsoro ya shige shi, kuma gaskiyar magana bai taɓa fita ba. Tana fara rarrafe ya bi gidan kusurwa-kusurwa da soso da gam: gefen tebur, ƙafar gado, bakin kanta, dokin ƙofa. Baƙo in ya shigo falon sai ya tsaya ya rasa ta inda zai fara tambaya.

Auta ta girma lafiya lau, ta yi tsawo har ta wuce uban. Amma tana 'yar makarantar firamare ta taɓa fasa kofuna biyu a mako guda, ranar Mai Kushin ya yanke hukunci cewa hannun Auta ba ya riƙe abu. Hukuncinsa kuwa kamar ɗinkinsa yake, ba ya warwarewa. Ta gama sakandare, ta shiga makarantar koyon unguwarzoma, ta fara zuwa asibiti koyon aiki da farar riga, amma in ta ɗauki fulas za ta zuba masa shayi, sai ya miƙo hannu ya karɓe ya ce, "Kawo, kawo, kada ki ƙone." Ita kuwa sai ta sakar masa ta yi murmushi, don yarinya ce mai kunyar ubanta ƙwarai.

Shekarar da za ta gama, makarantar ta sauya tsarin jarrabawar ƙarshe. Ba takarda, ba biro. Kowace ɗaliba za ta zo da kwamfutar hannu, irin mai faɗin nan da yara ke kira tabilet, a ciki za a turo tambayoyi, a ciki za a amsa, kyamara a kunne tun daga farko har ƙarshe. An kuma ja musu kunne cewa duk wadda na'urarta ta mutu ana tsakiyar jarrabawa, shi ke nan an rufe mata, sai baɗi. Baɗi kuwa ba abin wasa ba ne ga Auta, don asibitin da take koyon aiki sun ce za su riƙe ta in ta fito bana, in ba ta fito ba su ɗauki wata.

Mai Kushin da kansa ya je sayen abin. Bai iya cewa tabilet ba tare da ƙusa ta faɗo daga bakinsa ba, don haka tun a hanya ya raɗa masa suna allo, kuma allo ya bi shi har yau. Mai shagon wayoyin wata matashiya ce mai tabarau, mai sanyin murya. Ta fito masa da sabo fil a kwali, ta ce in an ga wata matsala a dawo da shi yadda aka saya. Sannan ta ɗauko wata siririyar rigar roba ta ce ko zai haɗa da ita. Ya karɓa, ya lanƙwasa ta da yatsa biyu, ya dube ta ta saman ido.

"'Yata, wannan ɓawon albasar ne zai tsare kayan mutane? Ajiye abinki."

Ya koma shago ya ture aikin mutane gefe. Ya zaɓo soso mafi kyau, mai tauri, irin wanda yake ɓoyewa don kujerun manya. Ya ɗauko ragowar shuɗiyar leda mai laushi, ya auna allon ta kowane gefe, ya zana da alli, ya yanka. Ya fitar da taga daidai gilashin, ya huda wa kyamara ido, ya bar ƙofa inda wayar caji za ta shiga. Zif bai sa ba, don a cewarsa zif ɗan yaudara ne, ranar da kake buƙatarsa ranar yake buɗe baki. Da hannu ya rufe bakin rigar, da basilla da zare mai kakin zuma, ɗinki a jere kamar haƙoran mataji. A duk shekarun da ya yi yana sana'a bai taɓa yin aiki mai kyan wannan ba, kuma ya sani.

Da ya kai gida ya ɗora a tebur, allon ya koma kamar ƙaramin matashin kai mai taga. Auta ta ɗaga, ta jinjina.

"Baba, ai ya yi nauyi."

"Nauyin shi ne amincin. Yar da shi ki gani."

Ta ƙi. Sai ya karɓa ya sake shi a ƙasa da kansa. Matarsa ta saki salati ta dafe ƙirji. Allon ya yi tsalle ya kwanta, ko ƙwarzane babu. Mai Kushin ya dubi mutanen gidansa ɗaya bayan ɗaya, ya wuce ya wanke hannu ya zauna cin abinci.

Ba a yi kwana nawa ba zafi ya fara. Auta za ta jona caji ta zauna kallon darasi, can sai hoton ya fara tafiya da ƙyar, gilashin ya ɗau zafi har yatsa ba ya son taɓawa, sai wani rubutu ya fito cewa na'urar ta yi zafi da yawa, daga nan fuskar allon ta yi baƙi. Sai an bar shi ya huce kafin ya yarda ya tashi. Ta kai shi gaban fanka, ta ɗora shi a kan siminti, duk a banza. Wata safiya uban yana ɗaura agogo zai fita, ta tsaya daga bakin ƙofa tana murza yatsu.

"Baba, na ce ko dai rigar ce take..."

"Rigar me? Ba don rigar ba ai da tuni ya narke. Kayan banza suka sayar mana, kuma yau za su san wanda suka taɓa."

Mutum ne mai cika ƙa'ida. Tunda an ce a dawo da kaya yadda aka saya, sai ya zauna ya warware ɗinkinsa zare-zare ba tare da ya yanke ko ɗaya ba, ya zaro allon, ya goge shi, ya mayar cikin kwalinsa, ya bar rigar a gida. Mai shagon ta kunna shi, ta jona caji, ta sa bidiyo, ta ɗora a kan kantar gilashi a ƙarƙashin fanka. Aka jira. Ta sallami mutum, ta sallami wani, ta dawo ta taɓa.

"Baba, ni dai lafiyarsa ƙalau nake gani. Taɓa ka ji."

Ya taɓa. Da ɗan ɗumi kaɗan, shi ke nan.

"A gabanki ne yake jin kunya," in ji shi. "A gida ƙwai za ki soya a kansa."

"A ina take ajiye shi in tana karatu? Kan katifa ne, ko inda rana ke bugawa?"

Nan fa ta taɓo inda ba a taɓawa. Ya ɗaga murya har masu duba wayoyi suka juyo. Ya ce shi za a koya wa adana kaya? Shi da tun ba a haife ta ba yake tsare kayan mutane daga lalacewa? Ya ce allon nan yana zaune a inda ya fi ko'ina aminci a garin nan, kuma shi ba a sayar masa da gawa a kwali ya yi shiru. Bai yi ƙarya ba ko kaɗan, abin da ya yi imani da shi ya faɗa. Ita kuma ta tuna shi ne dattijon da ya ƙi sayen riga, don haka ko a ranta ba ta kawo zancen riga ba. Ta dubi furfurarsa, ta dubi mutanen da suka fara ajiye wayoyin da suka ɗauka, ta shiga ciki ta fito masa da wani sabo. Ya karɓa ya fita ko sallama babu.

A hanyar komawa ya yi tunani, kuma nan ne gwanintarsa ta kai shi ta baro. Shekara da shekaru masu sayar da ƙanƙara suna kawo masa kulolinsu yana yi musu riga, soso ninki biyu da leda mai ƙyalli daga ciki, ƙanƙara ta yini a rana ba ta narke ba. To, in soso yana hana zafi shiga wurin ƙanƙara, me zai hana ya tsare allo? Ashe kuskurensa na farko shi ne ya yi rowar soso. Ya ƙara ninki guda, ya shimfiɗa ledar mai ƙyalli daga ciki, ya matse tagar, ya sake rufewa da basilla. Ya miƙa wa Auta ya ce, "Yanzu ko a murhu kika sa shi, sanyi zai ji." Ta karɓa da hannu biyu ta ce an gode, Allah ya ƙara buɗi.

Ana saura 'yan kwanaki jarrabawa makarantar ta shirya gwaji, don kowa ta ga yadda abin zai kasance. Allon Auta bai kai ko rabi ba ya mutu. Ta dawo gida ba ta ce wa uban komai ba, ta shige ɗaki. Washegari da safe matarsa ta ajiye masa shayi ta ƙi tashi daga wurin.

"Baban Auta, yarinyar nan ba ta ci abinci ba jiya. Abin nan ya sake mutuwa, kuma wannan ya fi na farkon saurin mutuwa. Ta ce rigar ce."

"Ita ta ce, ko ke kika ce?"

"Ta faɗa maka da bakinta ka hau ta da faɗa. Kai in ka kafe a kan abu ko jaki albarka. Shekara guda fa za ta rasa, Mai Kushin, da aikin gaba ɗaya."

Ya kurɓe shayin ya tashi. Ransa a ɓace ya buɗe shago, da niyyar in rana ta yi sanyi ya koma wurin mai tabarau ya karɓo na uku, in ta ƙi a ji su.

Wajen hantsi sai ga Dogo direban tasi, tsohon abokin cinikinsa, ya cicciɓo kujerar gaban motarsa ya dire a ƙofar shago. Kujerar ta lotsa, soso ya leƙo ta ko'ina.

"Mutumina, so nake ka yi min ta manya. Ka ninka soso, ka ja min baƙar ledar nan mai sheƙi, wadda in an zuba ruwa yake gangarewa."

Mai Kushin ya cire ƙusoshin bakinsa, abin da yake yi ke nan in zai ba da karatu.

"Dogo, kai fa ba fasinja ba ne da zai zauna ya sauka. Yini kake a kanta. In na ninka maka soso na rufe da wannan ledar, kafin azahar bayanka ya jiƙe sharkaf, kafin wata guda ƙuraje sun feso maka inda ba ka iya nuna wa likita. Yadi zan sa maka mai huji-huji, iska ta riƙa wucewa."

"To ai ga masu ƙanƙara kana yi musu da leda, kuma sanyi ƙalau."

"Kai ƙanƙara ne? Soso bai san zafi ba, bai san sanyi ba. Abin da ya tarar a ciki shi yake riƙewa. Ƙanƙara sanyi gare ta, sai ya riƙe mata sanyinta. Kai kuwa daga cikin jikinka zafin yake fitowa, in na rufe ka ina zai..."

Bai ƙarasa ba. Ya tsaya da alli a hannu, baki a buɗe. Dogo ya jira, ya ga shiru, ya ce, "Ina zai me?" Mai Kushin bai ji shi ba. Kantar gilashin nan yake gani, da allon a kwance tsirara a ƙarƙashin fanka yana aikinsa lafiya lau. Ya tuna yarinyarsa a bakin ƙofa tana murza yatsu. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, wani tsoro kuma ya biyo bayanta, don ya ga saura ƙiris ya cinye wa 'yarsa shekara da hannunsa, da mafi kyan ɗinkinsa.

"Tsare min shago," ya ce da Dogo. Ya bar shi nan tsaye da kujera.

Ya tarar da Auta a falo, zaune a ƙasa ta jingina da kujera, allon a cinyarta. Kusa da ƙafarta ga sabuwar reza an ɓare takardarta. Ganinsa ta yi sauri ta ɗora tafin hannu a kai. Ya dubi bakin rigar. Ko zare ɗaya ba a taɓa ba.

"Tun yaushe kike zaune da rezar nan?"

Ta sunkuyar da kai. Uwar ce ta amsa daga ƙofar kicin. "Tun fitarka. Na ce ta yanke, ta ce ɗinkin Baba ne."

Ya zauna a ƙasa kusa da ita, abin da gwiwoyinsa ba su cika yarda da shi ba. Ya miƙa hannu ta ba shi rezar. Wannan karon bai tsaya warware zare-zare ba. Ya sa kaifin a kusurwa ya ja har ƙasa, ɗinkin ya yi ta fashewa ɓat-ɓat-ɓat, ya buɗe rigar ya zaro allon. Ledar mai ƙyalli har ta fara manne wa bayansa.

"Kunna shi. Sa darasin da ya fi tsawo. Jona cajin ma."

Ta jingina shi da fulas a kan tebur ta kunna. Wata malama ta fito tana bayanin yadda ake juya jariri in ya zo ta ƙafa. Mai Kushin ya ɗora tafinsa a bayan allon ya bar shi nan. Malama ta gama, wata ta shigo, ita ma ta gama. Hannunsa ya yi tsami bai ɗauke ba. Ɗumin da ke zuwa tafinsa bai wuce na goshin yaro mai lafiya ba, kuma bai ƙaru ba.

"Rigar ce," ya ce, da ƙarfi, kamar shi ya fara ganowa.

Matarsa ta ce, "Ikon Allah. Ashe rigar ce." Ta koma kicin kafaɗunta suna rawa.

Da yamma ya sa rigarsa ta fita ya tafi shagon wayoyi da yagaggiyar rigar allon a hannu. Ya tarar da mutane, kuma ya ji daɗin hakan, don a gaban mutane ya yi ɓarnar. Ya ɗora rigar a kan kanta. Da muryar da ya yi faɗa, da ita ya ce kayanta ba su da laifi, na farko ma lafiyarsa ƙalau, shi ne ya turare su da soso, kuma ta yafe masa. Mai shagon ta ɗaga rigar, ta leƙa cikinta, ta cire tabarau ta goge ido don dariya.

"Baba, a cikin wannan kuka sa shi? Ai ko ni aka sa a nan sai na suma." Ta shafa ɗinkin da yatsa. "Amma fa aikin ya yi kyau."

"Kyau kam ya yi," in ji shi. "Wurin ne ba nasa ba."

Kada a ɗauka mutum yana sauya hali a yini guda. Ana gobe jarrabawa Auta ta fito ta tarar da shi a falo da almakashi, ya yanka 'yan ƙananan soso guda huɗu, ga kwalbar gam a buɗe.

"Kusurwoyin kawai," ya ce, bai dube ta ba. "Bayan a buɗe yake, iska za ta wuce. Akwai matattakala a makarantar nan taku, na gani."

"Baba, bar shi haka. Zan riƙe."

"In ya suɓuce fa? Kin san hannunki."

Ta durƙusa a gabansa, ta buɗe tafukanta biyu ta ɗora a kan gwiwarsa. Bai taɓa jin ta yi masa magana da irin wannan muryar ba, a hankali, ba rawa.

"Baba, da hannun nan nake karɓar jarirai. Da santsinsu suke zuwa, suna mutsu-mutsu, wani bai kai allon nan nauyi ba. Wancan makon na karɓi bakwaini, ni na kai ta kwalba. Ban taɓa yar da ko ɗaya ba."

Ya dubi hannayen. Dogaye ne, masu ƙarfi, farce a yanke ƙwal. Ya daɗe yana ganinsu a gidan, amma bai san ranar da suka zama haka ba. Daɗi da ciwo suka haɗe masa. Ya rufe kwalbar gam, ya tattara 'yan soson ya zuba a aljihu.

Ranar jarrabawa bai buɗe shago ba. Ya raka ta har ƙofar makaranta, ta hau bene, shi ya sami bencin siminti a ƙarƙashin wata bishiya da ke fuskantar matattakalar ya zauna. Yagaggiyar rigar tana cinyarsa. Shi kansa bai san dalilin da ya sa ya taho da ita ba. Ya san abu guda: duk wadda ta sauko kafin lokaci, na'urarta ce ta mutu. Don haka ya kafa wa matattakalar ido.

Rana ta ɗaga. Can sai ga farar riga ta ɓullo daga sama, mai ita tana share hawaye. Ya miƙe tsaye. Ba ita ba ce, wata ce gajera. Ya koma ya zauna, ya ji tausayin yarinyar, ya kuma ji kunyar sanyin da ransa ya yi. Inuwa ta janye daga kan bencin ta bar shi a rana, bai matsa ba. Mai gyaran kujerun gari guda, ga soso ninki biyu a cinyarsa, ya yini a kan siminti bai tuna ya zauna a kai ba.

Sai aka buɗe ƙofar sama gaba ɗaya, hayaniya ta ɓarke, fararen riguna suka yi ta kwararowa. Ya hango ta a cikinsu, ta fi yawancinsu tsawo. Tana saukowa tana magana da wata, tana dariya, allon tsirara a hannu ɗaya, ko ƙarfen matattakalar ba ta dafa ba, ga mutane suna bangazar juna. Ƙafarsa ta yi gaba da kanta, hannunsa ya fara miƙewa, "kawo, kawo" ta zo har bakinsa. Ya haɗiye ta. Ya mayar da hannayensa baya, ya damƙe rigar da su biyun, ya tsaya inda yake har ta sauko matakin ƙarshe.

Ta zo gabansa ta ɗora bayan allon a kumatunsa. Ɗumi kaɗan.

"Har ƙarshe?" ya ce.

"Har ƙarshe, Baba. Na ma koma na duba amsoshina."

Ya gyaɗa kai, ya yi gyaran murya, ya dubi bishiyar kamar akwai abin gani a kanta. Ta leƙa bayansa ta ga abin da yake riƙe da shi.

"Ka kawo rigar ne in mayar da shi?"

"A'a," in ji shi. "Riƙe abinki. Mu je, uwarki tana jira."

Ta wuce gaba tana lilo da allon a hannu ɗaya. Ya bi ta a baya, hannayensa har yanzu a bayansa.